Faci a cikin manhajar waya: me mai gwajin tsaro ke nema idan ya juya bit ɗaya?

Akwai manhajojin banki da yawa da idan aka buɗe su a wayar Android da aka yi wa rutin, wato aka ɓalle mata takunkumin kamfani har mai ita ya samu cikakken iko a kanta, sai su nuna saƙo cewa wayar ba ta da aminci, su rufe kansu. Mai kallo daga waje zai ɗauka katanga ce mai kauri. A cikin manhajar kuwa wuri ne guda inda aka yi tambaya, aka samu amsar e ko a'a, sannan aka bi ɗaya daga hanyoyi biyu. A masarrafar ARM mai bit 64, wadda mafi yawan wayoyin yau ke ɗauke da ita, umarnin da ke cewa "tsallaka idan sifili ne" sunansa CBZ, wanda ke cewa "tsallaka idan ba sifili ba ne" kuma CBNZ. Bit ɗaya tak, wato lamba guda da ke zama sifili ko ɗaya, ya raba su cikin bit 32 da kowannensu ke da shi. Duk wanda ya gano wurin ya juya wannan bit, manhajar za ta koma maraba da wayar da aka yi wa rutin, ta riƙa korar wadda ba a taɓa ba.

Wannan shi ne yi wa manhaja faci: a canza ta bayan an gama gina ta, ba tare da an ga asalin rubutun da masu ita suka yi ba. Aiki ne na yau da kullum ga masu gwajin tsaro, mutanen da kamfani ke ɗauka ya biya su don su nemo ɓarakar manhajarsa kafin ɓarayi su riga su. Sai dai ana yawan fahimtar aikin a baibai, har a cikin kamfanonin da ke biyan kuɗinsa. Facin shi kansa ba shi ne sakamakon gwajin ba. Hanya ce ta isa ga tambaya guda: idan manhajar ta yi ƙarya, uwar garken kamfanin, wato kwamfutar da manhajar ke magana da ita ta intanet, za ta gane, ko za ta gaskata ta?

Kafin a kai nan sai an san abin da ke sauka a waya. Mai gina manhaja yana rubutu da Kotlin ko Java idan ta Android ce, da Swift ko Objective-C idan ta iPhone ce. Rubutun nan mutum na iya karanta shi, akwai sunaye masu ma'ana da bayanan da marubucin ya bar wa kansa a gefe. Da zarar an sarrafa shi ya zama abin da waya ke ganewa, bayanan gefen sun tafi, tsarin rubutun ya narke ya koma jerin ƙananan umarni. Fayil ɗin APK da ake girkawa a Android ba komai ba ne illa fayil ɗin zip da aka sauya wa suna. A cikinsa akwai classes.dex, inda umarnin manhajar suke, da AndroidManifest.xml mai lissafa izinin da take nema, da hotuna da rubuce-rubuce, da kuma jakar lib, inda ake ajiye sassan da aka rubuta da C ko C++ aka mayar da su harshen masarrafa kai tsaye.

Sashen dex shi ne mai saukin kai. Ba harshen masarrafa ba ne zalla, wani harshe ne na tsakiya da ke riƙe da sunayen ayyuka da nau'in bayanan da suke karɓa. Shi ya sa manhaja irin jadx ke iya mayar da shi wani abu mai kama da Java har a karanta shi cikin sauƙi. Amma karantawa daban, sake ginawa daban. Abin da jadx ke fitarwa ƙiyasi ne, kuma idan manhajar babba ce da wuya ya yarda ya sake haɗuwa. Don haka a kan karanta da jadx, a yi gyaran da apktool, wanda ke warware dex zuwa smali, rubutun da kowane layinsa ke daidai da umarni ɗaya. A nan mai gwaji zai iya sauya if-eqz ya zama if-nez, ko ya share cikin aikin da ke binciken rutin gaba ɗaya ya bar layi biyu: sa sifili a wurin ajiya mai suna v0, mayar da v0 a matsayin amsa. Ya sake haɗawa, shi ke nan.

Masu gina manhajojin kuɗi sun san haka, saboda haka suke kwashe muhimman binciken su kai su jakar lib. A nan ne ake bukatar manhajar warwara ta gaske, wadda ke ɗaukar tsabar lambobi ta mayar da su umarnin masarrafa da mutum zai iya bi. Shekaru da dama IDA Pro ta Ilfak Guilfanov, wadda kamfanin Hex-Rays na ƙasar Beljiyam ke sayarwa, ita ce sarauniyar fagen, kuma tsadarta ta sa ɗalibai da yawa ba sa ko kusantarta. Lamarin ya sauya a watan Maris na 2019, lokacin da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saki Ghidra kyauta ga kowa. Akwai kuma Hopper, wadda masu aiki a kan Mac suka fi so, da radare2, da Binary Ninja. Tun daga sakin Ghidra, yaron da ke da tsohuwar kwamfutar cinya da datar saukewa yana riƙe da kayan aikin da a da sai manyan kamfanoni. Wannan kaɗai ya isa ya sa duk mai gina manhaja ya daina zaton ba wanda zai leƙa cikin abin da ya gina.

Faci a harshen masarrafa yana da wata ƙa'ida mai takurawa. Ba a iya cusa sabon umarni a tsakiya, domin kowane tsalle a cikin fayil ɗin an auna shi ne da nisa, idan aka ƙara ko da bayit huɗu sai duk abin da ke ƙasa ya gusa, lissafin ya wargaje. Dole a rubuta sabo a kan tsoho, girma ɗaya. ARM mai bit 64 ta sauƙaƙa wannan, tunda kowane umarninta bayit huɗu ne cif. Idan ana son kashe wani kira, sai a rufe shi da NOP, umarnin da ba ya yin komai, wanda a fayil yake bayyana a matsayin 1F 20 03 D5. Idan ana son wani aiki ya riƙa amsa "babu matsala" kullum, sai a sauya umarninsa biyu na farko: ɗaya ya ajiye amsar da ake so a W0, ƙaramin wurin ajiya na cikin masarrafa, ɗaya ya ce RET, wato koma inda ka fito. Bayit takwas, sauran ɗaruruwan layukan binciken da aka yi wahalar rubutawa suna nan a ƙasa, ba wanda zai sake bi ta kansu.

Gyaran minti biyu ne. Gano wurin shi ke cin kwanaki. Mafi sauƙin sawu shi ne rubutun da manhajar ke nunawa. Idan ta ce "wannan wayar ba ta da aminci", mai gwaji zai nemi jimlar a cikin fayil ɗin, ya tambayi Ghidra wane aiki ne ke ɗauko ta, sannan wa ke kiran wannan aikin, yana komawa baya har ya isa mararrabar. Haka zai nemi kalmomi irin su /system/xbin/su ko sunan Magisk, manhajar rutin da ta fi shahara. Masu ginawa kan rikita sunaye da R8 ko ProGuard, aikin da ake kira binciken rutin ya koma a.b.c, wasu kuma su sayi DexGuard da makamantansa don su ɓoye har rubutun. Wannan na jinkirta aiki sosai, amma akwai iyakar da ba ya wucewa: manhajar dole ta kira ayyukan Android da sunayensu na asali. Za ta iya ɓoye sunan aikinta, ba za ta iya ɓoye cewa ta tambayi tsarin waya ko wani fayil yana nan ba.

Bayan faci sai a ci karo da sa hannu, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Android ba ta girka manhajar da ba a sa wa hannu da makullin sirri ba, kuma canza bayit ɗaya ya isa ya ɓata sa hannun. Amma Android ba ta tambayar wane ne ya sa hannun. Kowa na iya ƙirƙirar makullinsa ya sa, wayar ta karɓa. Abin da take hanawa kawai shi ne a ɗora manhaja a kan wata mai suna iri ɗaya idan makullansu sun bambanta. Saboda haka mai gwaji zai cire ta asali, ya girka tasa. An taɓa samun ɓarakar da ta rusa ko wannan ɗan shingen. A 2013 kamfanin Bluebox Security ya nuna cewa idan aka sa fayil biyu masu suna ɗaya a cikin APK, Android kan tantance ɗaya ta yi aiki da ɗayan. A ƙarshen 2017 kuma GuardSquare ya bayyana ɓarakar Janus, inda ake liƙa dex na ƙarya a gaban APK ba tare da tsohon salon sa hannu ya lura ba. Salon sa hannu na biyu, wanda ya zo da Android 7.0 a 2016, yana rufe fayil ɗin ne ɗungurungum, don haka manhajojin da suka koma kansa Janus ba ta taɓa su a wayoyin da ke da Android 7.0 zuwa sama.

A iPhone hanyar ta fi tsawo. Manhajar da aka sauke daga App Store tana zuwa a kulle da tsarin FairPlay na Apple, idan aka zuba ta a Hopper sai a ga shirme. Amma dole waya ta buɗe ta kafin ta yi aiki, don haka a kan kwafo buɗaɗɗiyar daga ƙwaƙwalwar wayar da aka ɓalle wa takunkumi yayin da manhajar ke gudana. Daga nan a yi faci, a sa hannu da takardar shaidar mai gina manhaja, wadda idan ta asusun kyauta ce kwana 7 take yi ta mutu. Kamfanin da ya san abin da yake yi yakan miƙa wa mai gwaji buɗaɗɗen fayil tun farko, ya huta da wannan zagaye.

To me ake nema da duk wannan wahala? Galibi so ake a ga hirar da ke tsakanin manhaja da uwar garke. Mai gwaji yana kafa ɗan tsakiya, yawanci Burp Suite ko mitmproxy, duk abin da waya ta aika ya bi ta hannunsa. Hirar a kulle take, don haka sai wayar ta amince da takardar shaidar ɗan tsakiyan. Da can mutum zai girka takardar a saitin waya kawai. Daga Android 7.0 manhajoji suka daina amincewa da takardun da mai waya ya girka da hannunsa sai idan mai ginawa ya ba da izini a fili, wanda ya sa faci mafi yawa da ake yi a yau ba ya ma taɓa umarni: layi kaɗan ne ake ƙarawa a fayil ɗin saitin tsaron sadarwa. Manhajojin kuɗi kan ƙara wani mataki, su ɗaure kansu da takardar shaida guda ɗaya ko biyu, su ƙi duk wata ko da wayar ta amince da ita. Dalilin yana da tushe. A 2011 an kutsa cikin DigiNotar, wani kamfanin ba da takardun shaida a ƙasar Holan, aka buga takardar bogi da sunan Google aka yi amfani da ita wajen leƙen saƙonnin mutane a Iran. Ɗaurin yana kare mai amfani daga irin wannan. Amma bai kare manhajar daga mai riƙe da wayar ba, domin shi ma ɗaurin mararraba ce, ana kwatanta takarda da takarda a ce sun dace ko ba su dace ba. Manhajojin da aka gina da Flutter, kayan gina manhaja na Google, sun fi ba da ciwon kai a nan, saboda ba sa bin saitin ɗan tsakiya na waya, kuma suna ɗauke da nasu ɗakin tantance takardu a cikin libflutter.so, wanda aka cire wa sunaye. Dole mutum ya zauna da manhajar warwara ya nemo aikin da hannu.

Idan hirar ta buɗe, sai a fara gwajin gaske. Manhaja ta ce ba za ka tura sama da wani adadi a rana ba. Wa ke hanawa, ita ko uwar garke? Mai gwaji zai cire binciken daga manhajar ya tura adadin da ya haura. Idan kuɗin ya wuce, iyakar ba ta taɓa wanzuwa ba, ado ce a fuskar waya. Manhaja ta nemi bayanan asusu mai lamba kaza. Idan aka sauya lambar da ta wani asusun gwaji, uwar garke za ta duba ko mai tambayar shi ne mai asusun? Shiga da zanen yatsa ma haka. Akwai manhajar da ke tambayar waya ko yatsan ya yi daidai, ta karɓi e ta buɗe, wannan faci ɗaya ya gama da ita. Akwai kuma wadda ke ajiye makulli a ma'ajiyar sirrin waya, makullin da ba ya aiki sai an sa yatsan gaske, kuma da shi ake buɗe shaidar shiga. Ita wannan ko an juya duk mararrabar da ke cikinta ba abin da zai fito, domin ba amsar e ake bukata ba, makullin ake bukata. Barin hukunci a hannun manhajar da ke cikin wayar wani tamkar miƙa wa ɗalibi takardar jarrabawarsa ne a ce ya ba kansa maki.

Ba kullum ne ake taɓa fayil ba. Frida, wadda Ole André Vadla Ravnås ya ƙirƙira, tana shiga cikin manhaja tana gudana ta sauya amsar kowane aiki nan take, ba sai an sake haɗawa ko sa hannu ba. Ta fi sauri wajen gwaji da sake gwaji, shi ya sa da yawa ke farawa da ita. Amma tana son wayar da aka yi wa rutin, idan babu kuwa sai an cusa ɗan sashenta a cikin manhajar, wanda shi ma faci ne. Kuma manhajoji masu tauri suna farautar alamunta tun kafin su gama buɗewa. Sau da yawa a kan haɗa biyun: faci ya kashe mai farautar, Frida ta yi sauran.

Masu ginawa ba su zauna ba. Suna sa manhaja ta duba sa hannun kanta, ta auna ko an taɓa jikinta, ta warwatsa binciken a wurare goma, wani ma ba ya rufe manhajar nan take sai bayan mintuna don a kasa gane abin da ya tayar da shi. Duk wannan yana ƙara kwanakin aiki, kuma ba na raina shi, domin ɓarawo ma yana lissafin lokacinsa. Amma kowanne daga cikinsu yana gudana ne a wayar da abokin gaba ke riƙe da ita. Abin da ya sauya lissafin da gaske shi ne fitar da shaidar daga hannun manhaja. Play Integrity na Google, wanda ya gaji SafetyNet, da App Attest da Apple ya kawo da iOS 14 a 2020, suna ba da sheda mai sa hannun da manhajar ba za ta iya ƙirƙira ba, cewa wannan ita ce ta asali kuma a waya ta gaske take. Sharaɗin shi ne uwar garke ce za ta tantance shedar. Kamfanin da ya karɓo shedar ya bar manhajar ta yanke hukunci a kanta ya dawo gidan jiya, ya sake gina wata CBZ. Kuma abin yana da farashi. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da hidimomin Google, akwai kuma wayoyi masu araha da Google bai tantance ba, irin waɗanda ba a rasa su a kasuwannin waya na Kano ko Maraɗi. Bankin da ya tsaurara ya kori kwastomomi na halak, wanda ya sassauta ya bar ƙofa.

Ƙa'idojin tsaron manhajojin waya na OWASP, wata ƙungiyar masana tsaron manhaja, waɗanda ake kira MASVS, sun ware waɗannan dabarun jure wa faci a rukuni na daban, a matsayin ƙari a kan tsaro, ba madadinsa ba. Na yarda da wannan rabon, kuma shi ya sa nake ganin rauni a rahoton gwajin da babban labarinsa shi ne an tsallake binciken rutin. Tabbas za a tsallake, magana ce ta kwana nawa. Laifin wani lokaci na kamfanin ne: ya ɗauki mai gwaji na mako biyu, ya ba shi manhajar da aka ƙulle ta ko'ina, kwana takwas su tafi wajen kwance ƙulli, a bar uwar garke da 'yan kwanakin da suka rage. Abin da ya fi shi ne a ba da kwafi biyu, ɗaya a ƙulle don a auna ƙarfin ƙullin, ɗaya a sake don a duba abin da ke bayansa.

Wannan fasahar dai ita ce ta haifi GBWhatsApp da 'yan uwanta, waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender a shagunan caji da na tura fina-finai a garuruwanmu. WhatsApp ce ta asali aka warware, aka yi mata faci, aka ƙara mata ɓoye alamar karantawa da ganin saƙon da aka goge, wani da ba a sani ba ya sa mata hannu da makullinsa. Wanda ya iya ƙara wannan zai iya ƙara komai. A watan Agusta na 2021 Kaspersky ya ba da rahoton samun ƙwayar cutar Triada a cikin wani kwafin FMWhatsApp, mai iya karanta saƙonnin tes da yi wa mutum rajistar hidimomin da ke cin kuɗi. A 2016 ma, kwanaki kaɗan bayan fitowar wasan Pokémon GO, Proofpoint ya gano wani kwafinsa da aka cusa wa DroidJack, manhajar da ke ba wani iko da waya daga nesa. Ta fuskar fasaha babu bambanci tsakanin waɗannan da aikin mai gwajin tsaro, kayan aiki ɗaya ne, matakai ɗaya ne.

Bambancin yana cikin takarda. A Najeriya dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga tsarin kwamfutar wani ba da izini ba. Warware manhaja a kwamfutarka don ka karanta ta abu ne guda, amma daga lokacin da kwafin da ka yi wa faci ya aika saƙo na farko zuwa uwar garken banki, ka taɓa kayan wani. Don haka yarjejeniyar gwaji ke fayyace wace manhaja, wane kwafi, waɗanne adiresoshin uwar garke, waɗanne asusun gwaji, daga wace rana zuwa wace rana, da kuma yadda za a lalata kwafin da aka yi wa faci bayan an gama, tunda manhajar banki ce da aka cire wa duk kariyarta. Mai koyo da ba shi da irin wannan takarda yana da inda zai gwada hannunsa: OWASP ta tanadi manhajojin UnCrackable na Android da iOS, waɗanda aka gina musamman don a fasa su. Matakin farko na Android binciken rutin ne a cikin dex, a mataki na biyu kuma an kwashe sirrin an kai shi jakar lib.